Gwiwar Gwaggo Daso

A zuriyarmu ba wanda ya taɓa ɗaga wa Gwaggo Daso murya, wannan zan iya dafa Alƙur'ani a kai. Mu mutane ne masu girmama tsofaffi. Idan ta shigo gida, har Yaya Hashim da ke aikin buro, wato ofis, a Magariya yana sa takalmi mai sheƙi sai ya rusuna ya gaishe ta. Da wannan girmamawar muka gama da ƙafarta cikin shekara guda, kuma da ni aka yi.

Gwaggo ƙanwar mahaifin mazajenmu ce. Mijinta ya rasu, 'ya'ya biyun da ta haifa ba wanda ya yi wayo, saboda haka take zaune a tsohon gidan gado na Dungas, a ɗakin da ke jikin garken awaki. 'Ya'yan wanta maza uku ne. Yaya Hashim ne babba, sai Yaya Mas'udu mai sayen riɗi da wake a kasuwar Dungas, sai autansu Auwal, maigidana, da ke noma a Mallawa. Ga 'yan'uwansu mata, ga 'ya'yan da aka fara aurarwa. Mu kuwa, Allah ya sa mana albarka, ba ma wasa da haihuwa.

Aikin Gwaggo wankan jego ne. Duk wadda ta haihu a zuriyar, Gwaggo za a ɗauko ta yi mata kwana arba'in. Ita za ta ɗora ƙatuwar tukunya a murhu tun da sassafe, ta jido ruwa ta cika ta, ta faskara icen da maigida ya sa aka zube a ƙofar gida ya tafi abinsa, ta tsuguna tana hura wuta har ruwan ya tafasa. Sai ta kwashe shi bokiti-bokiti zuwa banɗaki, ta zaunar da mai jego, ta tsoma ganyen bedi, wato darbejiya, tana fyaɗa mata a baya da ciki. Da la'asar a sake. Tsakanin wanka da wanka akwai damun kunun kanwa, da wankin tsummokaran jariri, da dakan yaji. Ba a biyanta, don ba a biyan uwa. Ranar arba'in a ba ta turmin atamfa da sabulu, a ɗora ta a mota a mayar da ita wurin awaki.

Da damina gwiwarta ta dama ta ƙi. Ta kumbura, in ta tashi sai ka ji tana ƙara kamar ana tauna aya. Ta koma salla a zaune. Wata uku tana haka ba wanda ya gani. Zara, matar Yaya Mas'udu da suke gida ɗaya da ita, ta ce ai tsufa ne, ta aika mata da man zafi.

Sai cikin Fa'iza, matar Yaya Hashim, ya shiga wata tara. A ranar ne Yaya Hashim ya tuna yana da gwaggo, tausayinta ya kama shi har ya kasa cin abinci. Ya ɗauki konje, wato hutu, na kwana biyu daga buro, ya zo Dungas da mota. Ni aka kira daga Mallawa in riƙa tallafa ta a hanya, shi ya sa abin da aka faɗa a asibiti na ji shi da kunnena.

Likitar mace ce, doguwa mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Ta ɗaga hoton ƙashin da aka ɗauka ta nuna mana.

"Inna, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan nan ya cinye," in ji ta. "Ƙashi ke gogar ƙashi, shi ne ƙarar da kike ji. Zan zuƙe ruwan da ya taru, in yi miki allura a cikin gaɓar. Amma ku saurara da kyau, kai da ka kawo ta. Allurar nan ba ta warkarwa, ciwon kawai take kwantarwa na 'yan makonni. Ba a wuce sau uku a shekara, kuma sai an bar wata uku ko huɗu tsakani. In aka yawaita, ita kanta cin gaɓar take yi. Ba tsuguno, ba ɗaukar kaya. Ta riƙa salla a kujera, a samo mata sanda."

"Wi, dokta. Wi, wi," in ji Yaya Hashim, yana gyaɗa kai kamar ɗan lakwal a gaban malamin aji. "To makonnin nan, kamar nawa ke nan?"

"Biyar ko shida. Ya danganta da jiki."

Na ga leɓensa na motsi, babban yatsa na bin sauran yatsu. Mako shida, kwana arba'in da biyu. Fuskarsa ta washe, don har da rarar kwana biyu ya samu. Duk sauran bayanin da matar nan ta ɓata yawunta tana yi, a kujerar asibitin ya bar shi.

Allurar ta yi aiki, ba zan yi mata ƙarya ba. Kwana uku da yin ta na leƙa ɗakin da aka sauki Gwaggo, na same ta a kan sallaya ta kai goshi ƙasa, kafaɗunta na rawa. Da ta sallame ta share ido da bakin mayafi.

"Habsatu, wata uku rabona da sujada," ta ce da ni. "Allah ya yi wa yaron nan albarka."

Yaron kuwa ya tsayar da ita a tsakar gida ya ɗauke ta hoto, ya tura a zauren dangi na waya, ya rubuta cewa Allah ya ba shi ikon kula da Gwaggo. Addu'o'i suka yi ta shigowa har daga Kano. Sanda ma ya saya, mai kyau, mai kan ƙarfe. Da ita aka riƙa tokare ƙofar banɗaki don iska na buɗe ta.

Fa'iza ta haihu a cikin makon. Gwaggo ta ɗaura ɗamara ta shiga aiki da zuciya ɗaya, tana ganin bashin alheri take saukewa. Ta yi tsugunon, ta ɗauki bokitan, ta faskara icen. A kwana na talatin da takwas gwiwar ta farka, kuma ta farka da fushi. Kwana biyun ƙarshe da dafa bango ta yi su. Aka ba ta atamfarta, aka mayar da ita Dungas, ta koma salla a zaune. Ba wanda ya ɗauki hoton wannan.

Wata biyu da yin allurar Zara ta fara nishi da ƙyar, ita ma watanta ya kama. Yaya Mas'udu ya zo ɗakin Gwaggo da ledar lemo, ya zauna a bakin ƙofa, ya ce ciwonta ya hana shi sukuni. Da aka tuna masa cewa likita ta ce sai an bar wata uku ko huɗu, sai ya yi tsaki.

"Wannan lissafin Nasara ne," ya ce. "Jikinsu jikin burodi. Gwaggo da gero da nono aka gina ta. Kuma ni me na yi da Yaya zai samu lada ni in rasa?"

Matsalar ɗaya ce, karne, wato ɗan littafin nan da likita ke rubuta abin da aka yi wa maras lafiya. Ranar allurar farko na ciki ɓaro-ɓaro. Yaya Mas'udu ɗan kasuwa ne, ya san in buhu ya ɓaci ba a zubar da wake, sake buhu ake yi. Ya sayi sabon karne fari tas, ya kai ta wani asibitin daban, ya ce wannan ne karon farko. Aka tambayi Gwaggo ko an taɓa yi mata. Ta dubi ɗan wanta, ta dubi ƙasa, ta ce ba ta tunawa.

Wannan karon kwana talatin allurar ta riƙe. Goman ƙarshe Gwaggo ta yi su tana jan bokiti a ƙasa, tana hutawa sau uku tsakanin murhu da banɗaki. Na je barka na gani, na ce wa Zara ko za a nemo wadda za ta kama mata.

"Ke dai ba ki san Gwaggo ba," in ji Zara daga kan gado, tana shan kunun kanwa. "Ita ba ta son a taya ta. Irin su in suka zauna jikinsu mutuwa yake yi. Aikin nan shi ke riƙe da ita."

Gaskiya ne Gwaggo ba ta taɓa cewa a taya ta ba. Ba a kuma taɓa tambayarta ba.

Ta uku babbar 'yar Yaya Hashim ce, haihuwar fari, ta dawo gidan ubanta a Magariya. Yaya Hashim ya ari dabarar ƙanensa, ya ƙara mata ilimin boko: sabon karne, da sabon suna, da sababbin shekaru. Abin da ya manta shi ne likita ba karne take dubawa kawai ba. Gwaggo ce ta ba ni labarin daga baya. Ta ce matar na yaye zanen ta ce, "Wannan gwiwar na san ta." Ta taɓa nan, ta taɓa can, ta cire tabarau.

"Inna, wane aiki kike yi a gida?"

Yaya Hashim na tsaye a kanta yana murmushi. Gwaggo ta ce, "Ba komai, 'yar nan. Zaune nake."

"To tafin hannunki bai yi kama da na mai zama ba," in ji likitar. Ta juya wurin Yaya Hashim ta ce ba za ta yi ba, ko kuka zai yi, kuma duk wanda ya sake soka allura a gaɓar nan kafin wata shida ya ɗauki alhakin tsohuwa. Yaya Hashim ya fito yana huci. Ya rubuta a zauren dangi cewa likitocin yanzu ba su da tausayi, suna ganin tsohuwa na shan wahala su hana ta magani. Kowa ya yi Allah wadai.

A nan ne Tsoho ya shigo rayuwarmu. Mai sayar da magani ne a kasuwar Dungas, yana baza kaya a ƙarƙashin tamfal ranar kasuwa, daga maganin tsutsa har na ƙarfin maza. Ya taɓa yin shara shekara biyu a wani asibiti a ƙetaren iyaka, saboda haka ba abin da bai gani ba. Yana da 'yar kwalba mai farin ruwa kamar madara, ya ce ita ce dai ta likita, kwalin ne ya bambanta. Babban alherin Tsoho shi ne ba ya tambayar karne. Kuma har gida yake zuwa.

Shi ya yi ta uku, ya yi ta huɗu lokacin da ƙanwar mazajenmu ta haihu. Da aka yi masa ƙorafin cewa allurar yanzu kwana ashirin take kaiwa, sai ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a riƙa yin biyu, ɗaya ranar haihuwa ɗaya a tsakiyar jego. Aka yaba hankalinsa, aka yi ta biyar a tsakiyar jegon. Fuskar Gwaggo ta fara cika ta yi zagaye, ga ƙishirwa, ta shanye buta ta nemi ƙari. Duk wanda ya gan ta sai ya ce, "Kai, Gwaggo ta yi ƙiba. Kulawa ta karɓe ta."

Sai layi ya zo kaina. Cikina na wata takwas na je Dungas ranar kasuwa sayen kayan jariri, na biya ɗakinta in gaishe ta. Tana kwance a tabarma, ƙafar a kan matashi.

"Habsatu, turo ƙofar nan," ta ce.

Na tura. Ta yaye zane ta nuna min. Gwiwar ta karkace waje, fatar wurin ta yi sheƙi ta yi fari-fari a inda aka yi ta sokawa, cinyar ta tsotse kamar ta yarinya. Ban san lokacin da na ce innalillahi ba.

"Ni ba ni da bakin da zan ce wa 'ya'yan yayana a'a," ta ce, a hankali don kada Zara ta ji. "Su suke ci da ni, a gidansu nake kwana. Amma ke in kika ce yayarki kike so ta zo ta yi miki wankan, ba wanda zai ja da mai ciki. Ki faɗi haka don Allah. Ba wani abu nake nema ba. Ki bar min ɗan sauran ƙafar nan in riƙa kai kaina banɗaki."

Na yi kuka, na riƙe hannunta, na ce in Allah ya yarda an gama. Da gaske nake a lokacin.

Da na koma Mallawa na jira maigidan ya ci tuwo ya wanke hannu, na kawo maganar. Kamar na taka masa gyambo.

"Wato ni ne talakan gidan, ko?" ya ce. "Gwiwar ta yi wa matar Yaya Hashim, ta yi wa matar Yaya Mas'udu, ta yi wa kowa da kowa, sai a kaina za ta ƙare? Gobe a ce Auwal ko allurar Gwaggo ya kasa yi, sai da ya roƙo dangin matarsa. Ba a gidana ba."

Zan iya cewa tsoronsa na ji, kuma za a yarda da ni. Amma ba haka ba ne. Auwal mutum ne da in ka maimaita masa magana sau uku yake sakewa, na san haka sarai. Ban maimaita ba. Na tuna yadda Fa'iza ta fito daga jegonta tana ƙyalli, mata na tambayarta wa ya yi mata wanka. Na tuna yayata da 'ya'yanta biyar da gaggawarta, ruwa bai gama tafasa ba ta sauke. Na ce a raina sau ɗaya ne dai ya rage, bayan nawa sai ta huta. Ni ma wankan Gwaggo nake so, wannan ita ce gaskiyar.

Na haifi mace ranar Talata. Laraba da hantsi babura biyu suka tsaya a ƙofar gidanmu, ɗaya ɗauke da Gwaggo, ɗaya ɗauke da Tsoho da jakarsa. Aka shigo da ita a tallafe. Ta leƙo ɗakina, muka haɗa ido. Na jira ta ce wani abu, ko da harara ce.

"Barka, Habsatu," ta ce. "Allah ya raya."

A tsakar gida aka yi, a kan tabarma, kaji na kiwo a gefe. Ina hango su ta labule. Tsoho ya laluba jaka ya ce ruwan goge fata ya ƙare, amma ba komai, ya zaro kwalbar turarensa ya fesa a gwiwar ya shafa da tafin hannu. Sirinjin daga aljihun gaba ya fito, tare da ɓarin goro. Ya soka, ta ci karo da ƙashi, ya zare. Ya sake sokawa, ya sake zarewa. A ta uku ta shige. Gwaggo ta cusa bakin zane a baki, ba ta yi ko tari ba. Maigidan na tsaye yana cewa, "Sannu Gwaggo, lafiya ake nema miki."

Kwana biyu ta yi min wanka mai kyau, irin wanda na yi kwaɗayi. A na uku gwiwar ta kumbura ta yi zafi kamar murfin tukunya, jikinta ya ɗauki rawar sanyi. Maigidan ya kira Tsoho a waya, Tsoho ya ce alama ce mai kyau, maganin ne ke kokawa da ciwon, a bar su su yi ta yi. Aka bar su. Gwaggo ta riƙa rarrafowa zuwa murhu, tana hura wuta haƙoranta na haɗuwa. Ni kuma ina zaune a banɗaki ina jiran ruwa, ina jin nishinta ta katanga, ina ƙirga wa kaina kwanakin da suka rage.

Ranar suna ta faɗi a gindin tukunya, tun kafin a yanka rago. Mata suka ja ta zuwa ɗakin ajiya, suka lulluɓe ta da bargo. Aka aika wa mazan da ke zaune a waje. Yaya Hashim ya ce a yi haƙuri baƙi su watse tukuna, kada a tayar wa mutane da hankali a ranar farin ciki. Aka raɗa suna, aka raba goro, aka ci shinkafa, maroƙi ya yi wa zuriyar kirarin zumunci har muryarsa ta dushe. Sai bayan la'asar aka samo mota.

A Magariya likitar nan mai tabarau ce ta karɓe su. An ce ba ta yi faɗa ba, ta dai dubi mazan nan uku ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta takarda ta ce a wuce Damagaram yanzu-yanzu. Can aka tsaga gwiwar, mugunyar da ta fito ta cika tasa. Aka gano har ciwon suga alluran suka tayar mata. Mako uku ta yi a kwance. An ceci ƙafar ba a yanke ba, amma gaɓar ta daskare a miƙe, ba za ta sake lanƙwasuwa ba. Ta hagun da ta shekara tana ɗaukar nauyin biyu, ita ma ta gaji ta ajiye aiki. Gwaggo ba ta iya tsayuwa sai mutum biyu sun riƙe ta.

Ni kuwa yayata ce ta ƙarasa min jego. Kira ɗaya aka yi mata, washegari ta zo, kuma ba wanda ya ce uffan, har maigidan. Ruwanta ma yana tafasa sarai.

Da aka sallamo Gwaggo aka yi taron dangi a Dungas. Maza a zaure, mu mata a bayan ƙofa muna ji. Yaya Hashim ya ce shi dai kowa shaida ne wurin likita na gaskiya ya fara kai ta. Yaya Mas'udu ya ce to ai wanda ya fara shi ya nuna hanya, shi bi kawai ya yi. Maigidana ya ce tasa allura ɗaya ce tak, a cikin shida. Aka kawo maganar Tsoho, sai Yaya Mas'udu ya ce ya gan shi a kasuwa, bawan Allah ya yi ta jimami, ya ce da an ƙyale maganinsa ya gama aiki da ba haka ba, likitocin Damagaram ne suka yi gaggawar sa wuƙa. Aka jinjina wannan. Daga ƙarshe aka haɗu a kan cewa ƙaddara ce, aka yi fatiha.

Saura inda za ta zauna, tunda yanzu ita ce ke bukatar a dafa mata ruwa. Zara ta aika daga bayan ƙofa cewa bayanta na ciwo tun haihuwar nan. Maigidana ya ce ɗakunanmu biyu ne, kuma Mallawa ba asibitin kirki. Kowa a zauren ya shiga duba wayarsa. Can sai Yaya Hashim ya yi gyaran murya.

"Ni ne babba," ya ce. "Gwaggo uwa ce. In kowa ya guje ta, ni ba zan guje ta ba. Ta koma wurina."

Aka yi ta sa masa albarka, har wani dattijo ya yi ƙwalla. Ni ma na ji sanyi a raina, na ce ashe dai akwai sauran mutunci a gidan nan. Sai a hanyar komawa Zara ta raɗa min cewa Fa'iza na da ciki wata bakwai.

Na je Magariya barka bayan an yi suna da mako biyu, da 'yata a baya. Da sassafe na isa, kafin Yaya Hashim ya fita buro. Shi ya tare ni a ƙofa, ya ce in zo in ga yadda aka sauƙaƙa wa Gwaggo. An matsar da murhu zuwa bakin banɗaki. An jawo tiyo daga famfo har cikin tukunya. An sa mata 'yar kujera ta tsuguno a tsakiya, yadda daga zaune hannunta zai kai ga wuta, ya kai ga tukunya, ya kai ga bayan mai jego. Ga turmin yaji a gefe ɗaya, ga bahon wanki a ɗaya gefen.

"Kin gani?" ya ce. "Ko taku ɗaya ba ta yi. Likita ta ce ta huta da ƙafa, to ga shi ta huta."

Ya shiga ɗaki ɗauko jakarsa. Na tsuguna kusa da ita. Ta rame, ƙibar nan duk ta zube. Ƙafar na miƙe a gabanta kamar taɓarya. Na ga sawu a ƙasa daga ƙofar ɗakinta zuwa kujerar, irin wanda buhu ke bari in an ja shi, na gane yadda take zuwa wurin aiki, da yadda take kai kanta banɗaki. Kunya ta rufe ni, na ji na tsani kaina.

"Gwaggo, ki yafe min," na ce.

"Yaya yarinyar? Tana shan nono?" ta ce. "Turo min icen can."

Na tura mata. Sai na lura da hagu ta karɓa, da hagu ta gyara wutar, da hagu ta ɗauki mafici. Hannun dama na kwance a cinyarta. Na kai hannu kafaɗar, ta zabura ta cije leɓe.

"Tun yaushe?"

"Shiiit." Ta waiga wajen ɗakin. "Kwana huɗu. Ba ya ɗaguwa. Habsatu, kar ki faɗa wa kowa. Kin ji ko? Ko mijinki."

Na ce na ji. Wannan roƙon kam na san zan iya cika shi, don yin shiru na ƙware a kansa.

Yaya Hashim ya fito da jaka a hannu, yana ƙamshin turare. Ya zo ya rusuna a gabanta kamar yadda ya saba, ya tausasa murya.

"Gwaggo, ai ni ba a ɓoye min ciwo," ya ce. "Kwana uku ina lura da ke, da hagu kike aiki. Kar ki damu, na yi magana da Tsoho, ya ce ana yin ta a kafaɗa ma. Jibi zai zo. Wannan karon ni da kaina zan tsaya a kansa ya wanke hannu."

Gwaggo ta dubi hannunta na dama, ta daɗe tana dubansa. Daga cikin banɗaki Fa'iza ta ɗaga murya tana tambaya ko ruwan bai yi ba ne, sanyi take ji.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Gwaggo.

Ya shafa fuska ya ce amin, ya tafi buro.